Koyar da Shari'o'in Wariyar Makarantu ta Amurka ga 'Yan Sakandare



Muna godiya ga ƙungiya da ta ba mu wannan dama, ko da yake tilas mu faɗa tun da fari cewa wata kunya da muka sha ita ce ta kawo mu gabanku yau. A zangon da ya wuce an tura mu, mu uku, koyarwar gwaji a wata makarantar sakandare. Shugaban makarantar ya damƙa mana ƙungiyar tarihi da muhawara, wadda ke haɗuwa ran Laraba da la'asar, ya ce mu nemo wa yaran abin da zai buɗe musu baki. Muka zaɓi labarin shari'ar Brown, watau hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ran 17 ga Mayu 1954 cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. Muka tsara shi tsaf cikin minti arba'in: ga zalunci, ga lauya jarumi, ga alƙalai tara, ga nasara. Yara suka yi tafi. Sai wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu daga layin baya ta ce, "Malam, watau washegari sai suka shiga aji ɗaya?" Ɗayanmu ya amsa, "Ƙwarai kuwa, ai kotu ta yanke."

Sai da muka koma laburare muka gane cewa mun shara wa yara arba'in ƙarya. Shekara goma bayan wannan hukunci, a jihohin kudu goma sha ɗaya da suka taɓa ɓallewa a lokacin yaƙin basasa, baƙaƙen yaran da ke zama aji ɗaya da fararen yara ba su kai 2 cikin 100 ba. Muka koma wurin shugaban makaranta muka roƙi ƙarin Laraba huɗu. Da yawa a cikinku za su riƙe alli nan ba da jimawa ba, ko a bautar ƙasa ko a ma'aikatar ilmi, saboda haka muka ga ya dace mu shimfiɗa muku abin da muka koya a waɗannan makonni, domin kada ku faɗa ramin da muka faɗa.

Kuskurenmu na farko shi ne mafari. Mun fara daga 1954, alhali kuwa labarin ya girmi wannan shekara da fiye da ƙarni guda. A 1849, a birnin Boston da ke arewacin Amurka, wani baƙar fata mai suna Benjamin Roberts ya kai ƙara saboda 'yarsa Sarah, 'yar shekara biyar, wadda ke wuce makarantun fararen yara har biyar kafin ta isa wadda aka keɓe wa baƙaƙe. Kotun jihar Massachusetts ta kori ƙarar. Majalisar jihar ce daga baya, a 1855, ta hana wariyar da doka. Yana da amfani yaro ya ji wannan da wuri, don ya san cewa abin bai tsaya ga kudu kaɗai ba, kuma ya ga cewa wani lokaci majalisa kan riga kotu.

Bayan yaƙin basasa aka yi wa tsarin mulki gyara na 14 a 1868, wanda ya wajabta wa kowace jiha ta ba duk mutumin da ke cikinta kariyar doka daidai wa daida. A kan wannan jimla guda dukan shari'o'in nan suka rataya, don haka muka rubuta ma'anarta a saman allo muka hana a goge. A 1896 Kotun Ƙoli ta fassara ta a shari'ar Plessy, wadda ma ba ta makaranta ba ce. Homer Plessy ya zauna ne a taragon farare a jirgin ƙasa a jihar Louisiana a 1892, da gangan, don a kama shi a gwada dokar. Alƙalai bakwai suka ce babu laifi a raba mutane muddin abin da aka ba kowane ɓangare daidai yake. Alƙali ɗaya tak, John Marshall Harlan, ya ƙi. Da wannan ƙa'ida ta "a rabe amma daidai" aka rayu shekara 58. Ba ta kuma tsaya kan baƙaƙe ba: a 1927 kotun ta amince da korar Martha Lum, 'yar wani ɗan kasuwa Basine, daga makarantar farare a Mississippi.

To, a nan ne muka fara gyara hanyar koyarwarmu. Mun daina gaya wa yara cewa makarantun ba daidai suke ba, muka ba su lissafi su yi da kansu. A gundumar Clarendon ta jihar Carolina ta Kudu, a shekarar karatu ta 1949 zuwa 1950, ana kashe dala 179 a kan kowane farin yaro, ana kashe dala 43 a kan kowane baƙin yaro. Akwai motocin bas kimanin 30 masu ɗaukar fararen yara, babu ko guda ta baƙaƙe, alhali su ne mafi yawa a gundumar. Wani yaro ya raba 179 da 43 a kan allo, ya juyo ya ce, "Malam, ai ya fi ninki huɗu." Tun daga ranar ba mu ƙara buƙatar kalmar zalunci ba, su suka riƙa kawo ta. Kuma ku lura da abin da mutanen Clarendon suka fara nema. Wani manomi, Levi Pearson, mota ya roƙa wa 'ya'yansa, waɗanda ke tafiyar mil tara zuwa makaranta. Hukumar ilmi ta hana. Ku riƙe zancen motar nan, za ta dawo.

Abu na gaba da muka raina da fari, daga baya ya zama abin da yaran suka fi so, shi ne dabarar lauyoyi. Ƙungiyar NAACP, mai neman ci gaban baƙaƙen fata, wadda aka kafa a 1909, ba ta afka wa Plessy gaba da gaba ba. Charles Hamilton Houston, wanda ya gyara makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Howard, kuma ya horar da Thurgood Marshall, ya ga cewa jihohin kudu suna son kalmar "a rabe", amma ba za su iya biyan kuɗin kalmar "daidai" ba. Sai aka fara daga sama, daga jami'a, inda ƙaryar ta fi fitowa fili, inda kuma alƙalai da kansu suka san abin da ake nufi da makarantar lauyoyi ta kirki. A 1938 kotu ta gaya wa jihar Missouri cewa ba za ta biya wa Lloyd Gaines kuɗin karatu a wata jiha don ta rabu da shi ba. A 1950 ta dubi 'yan ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da jihar Texas ta yi sauri ta buɗe wa Heman Sweatt, ma'aikacin gidan waya, ta kira su makarantar lauyoyi, ta ce ba su kama ƙafar Jami'ar Texas ba, ko a littattafai, ko a malamai, ko a suna da abokan karatu. A rana guda ta yanke shari'ar George McLaurin, dattijon malami da Jami'ar Oklahoma ta karɓa amma ta ajiye shi a wani lungu a gefen aji, ta ware masa tebur a laburare da ɗakin cin abinci. Houston ya rasu a watan Afrilu na shekarar, bai ga ƙarshen aikinsa ba.

Mun gwada zaman McLaurin a ajinmu. Muka fitar da kujera guda bakin ƙofa, wani yaro ya zauna a kanta minti biyar yana jin darasi iri ɗaya da na kowa. Muka tambayi sauran, an rage masa wani abu? Gardama ta kaure. Amma muna jan kunnenku: wanda ya ba da kansa za a sa, kuma kada a raba aji bisa ƙabila ko addini ko hasken fata da sunan misali. Abin da malami ya fara da wasa, yara kan ɗauke shi zuwa ɗakin kwana.

Sunan Brown kansa yana ɓatar da mutane, domin shari'o'i biyar ne aka saurara tare, daga Kansas, da Carolina ta Kudu, da Virginia, da Delaware, da birnin Washington. Ta Washington an yanke ta daban a ranar, bisa gyara na 5, tun da birnin ba jiha ba ne. A Topeka ta jihar Kansas iyaye 13 ne suka shigar da ƙara a 1951 a madadin 'ya'ya 20, sunan Oliver Brown, mai walda a kamfanin jirgin ƙasa, shi ne a kan gaba. A Delaware wata uwa ce, Sarah Bulah, ta gaji da ganin motar makaranta tana wuce ƙofar gidanta ba ta ɗaukar 'yarta. A Clarendon kuwa waɗanda suka sa hannu sun ɗanɗana kuɗarsu. An kori Harry Briggs daga gidan man da yake aiki, an kori matarsa Eliza daga nata aikin, shi kuwa Fasto J. A. DeLaine da ya tara mutanen, an kore shi daga koyarwa, gidansa ya ƙone, cocinsa ma aka ƙone, a ƙarshe ya tsere daga jihar. Ya kamata yaro ya san cewa sa hannu a takardar ƙara yana da farashi.

Amma in da Laraba ɗaya kawai aka ba mu, da a kan ta Virginia za mu ƙarar da ita, domin 'yan sakandare ne suka tayar da ita. Makarantar Moton da ke garin Farmville an gina ta ne don ɗalibai 180, aka cusa mata fiye da 450. Da aka yi kuka, sai hukuma ta kakkafa rumfunan katako da aka lulluɓe da takarda mai kwalta, ruwa na zuba, sanyi na shiga, wasu ma a cikin tsohuwar mota suke ɗaukar darasi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ran 23 ga Afrilu 1951 wata yarinya 'yar shekara 16, Barbara Johns, da 'yan abokan shawararta, suka sa aka kira shugaban makaranta ta waya aka yaudare shi ya fita gari, suka aika wa malamai takardar kiran taro, da aka hallara ta hau dandamali ta roƙi malamai su fita, ta yi wa 'yan'uwanta jawabi, makaranta duka ta fita yajin karatu. Suka rubuta wa lauyoyin NAACP a Richmond. Oliver Hill da Spottswood Robinson suka zo, suka ce ba za su karɓi ƙarar neman sabon gini ba, sai dai ta neman rushe wariyar ɗungum, kuma sai da yardar iyaye. Iyaye suka yarda. Ita Barbara, saboda barazana, aka tura ta wurin kawunta a Alabama ta ƙarasa karatu. Ko sunanta babu a kan shari'ar, sunan wata yarinya ce, Dorothy Davis, wadda ta zo farko a jerin masu ƙara.

Da muka gama wannan labari ajin ya yi tsit, sa'an nan wani ya tambaya ko abin da ta yi wa shugaban makaranta ya halatta. Ba mu amsa ba, muka bar su suka kwashe rabin sa'a a kai. Wasu suka ce ƙarya ƙarya ce, wasu suka ce da ta nemi izini da shi aka kora. Mu dai mun lura shugaban makarantarmu, wanda ya leƙo a ranar, bai yi dariya ba.

Sa'an nan muka kafa kotu a aji, da alƙalai tara da lauyoyi biyu-biyu. A nan muna da ra'ayi mai ƙarfi: wajibi ne a ba ɓangaren da ke kare wariya hujjarsa ta ainihi, kada a mai da shi dodo. Lauyan Carolina ta Kudu, John W. Davis, ba ƙaramin mutum ba ne, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1924, kuma yana cikin lauyoyin da suka fi yawan tsayawa gaban Kotun Ƙoli. Hujjarsa ita ce kotu ta riga ta yanke wannan magana sau da dama, ilmi hurumin jihohi ne, majalisar da ta zartar da gyara na 14 ita kanta ta bar makarantun Washington a rabe, kuma jiharsa ta fara kashe kuɗi don daidaita gine-gine. Yaron da bai taɓa jin nauyin wannan hujja ba, ba zai san abin da Marshall ya ture ba. A kotunmu ma sai da alƙalai biyu suka bi Davis, suka ce doka doka ce.

Abin da ya sa Topeka ke da muhimmanci shi ne, ƙaramar kotu ta gano cewa a can gine-gine da malamai da manhaja kusan daidai suke. Ashe ke nan lissafin 179 da 43 ba zai yi aiki ba. Tambaya ta koma tsirara: in komai daidai ne, rabawar ita kanta cuta ce? An yi muhawara a Disamba 1952, alƙalai suka kasa haɗa baki, aka sa a sake. Kafin a sake, Alƙalin Alƙalai Fred Vinson ya rasu a Satumba 1953, Shugaba Eisenhower ya naɗa Earl Warren, gwamnan California. Warren ya nace sai an sami baki ɗaya, kuma sai hukuncin ya zama gajere yadda jarida za ta buga shi duka, talaka ya karanta. Ya samu, tara ba ko ɗaya a waje. Kotun ta ce raba yara saboda launinsu kawai yana dasa musu jin ƙasƙanci da mai yiwuwa ba zai taɓa kankaruwa ba, don haka makarantun da aka raba ba za su taɓa zama daidai ba. Kada dai ku mai da Warren waliyyi. Shi ne ya sa hannu a dokar da ta soke wariyar makarantu a California a 1947, bayan shari'ar Mendez ta 'ya'yan 'yan asalin Meziko, amma shi ne kuma a 1942 ya goyi bayan tsare Amurkawa 'yan asalin Japan a sansanoni.

Akwai zancen 'yar tsana, wanda yara ke so ƙwarai. Kenneth Clark da matarsa Mamie, masana halayyar ɗan Adam, sun riƙa nuna wa baƙaƙen yara 'yan tsana, fara da baƙa, suna tambaya wace ce kyakkyawa, wace ce mummuna, wace ce ta yi kama da kai. A Clarendon an gwada yara 16, 10 suka zaɓi fara, 11 suka ce baƙar ce mummuna. Kotu ta ambaci aikin Clark a wani ɗan bayani a gindin shafi. Ku ba da labarin, amma ku ba da sukarsa: yara 16 ba su da yawa, kuma a binciken da su Clark suka yi tun farko, yaran arewa, waɗanda makarantunsu ba a rabe suke ba, sun ma fi na kudu zaɓen farar. Muka tambayi ajinmu, in da gwajin ya nuna babu wata cuta, wariyar ta halatta ke nan? A nan ne yarinyar layin baya ta ce haƙƙin mutum bai kamata ya dogara da 'yar tsana ba. Akwai manyan malaman shari'a da suka faɗi haka tun a wancan lokaci.

Yanzu mun iso ga tambayarta ta farko. Hukuncin 1954 bai faɗi ranar aiwatarwa ba. Sai ran 31 ga Mayu 1955 kotu ta ce a aiwatar cikin hanzari amma da natsuwa, ta kuma bar wa ƙananan kotuna da hukumomin ilmi aikin. Watau an ba kura ajiyar nama. A Maris 1956 'yan majalisar tarayya 101 daga kudu suka sa hannu a wata sanarwa ta bijire wa hukuncin. A Satumba 1957 gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya girke dakarun jiha a ƙofar babbar sakandaren Little Rock don su tare yara tara. Elizabeth Eckford, 'yar shekara 15, ta isa ita kaɗai, domin babu waya a gidansu, saƙon cewa a haɗu a tafi tare bai same ta ba, taron mutane ya bi ta da ihu da zagi. Sai da Eisenhower ya aika da sojojin laima kimanin dubu kafin yaran su shiga ran 25 ga wata. A shekara ta gaba Kotun Ƙoli ta ce babu gwamna ko majalisar jiha da ke da ikon ƙin bin hukuncinta. Amsar Faubus ita ce rufe dukan manyan sakandaren birnin shekara guda. A 1960 a New Orleans jami'an tarayya ne suka riƙa raka Ruby Bridges, 'yar shekara shida, zuwa aji, inda ta shekara ita kaɗai da malamarta saboda iyaye sun janye 'ya'yansu.

Mafi muni shi ne abin da ya sami garin su Barbara Johns. Gundumar Prince Edward ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati kaf, daga 1959 har 1964. Aka buɗe wa fararen yara makarantar kuɗi da ake tallafa wa daga baitulmali, baƙaƙen yara kimanin 1,700 suka zauna babu makaranta, sai wanda aka iya turawa wurin dangi a wani gari. Yaron da ke da shekara shida da aka rufe, yana da goma sha ɗaya aka buɗe. Waɗanda suka ci shari'a su ne suka rasa karatun shekara biyar, har sai da Kotun Ƙoli ta sake sa baki a 1964.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Afirka da wannan? Akwai ruwansa, kuma gwamnatin Amurka ce ta faɗa da bakinta. A Disamba 1952 ma'aikatar shari'arta ta rubuta wa kotun cewa wariya tana ɓata sunan ƙasar a idon duniya, tana ba 'yan gurguzu abin faɗa. A Oktoba 1957, ana tsakiyar rikicin Little Rock, wani gidan abinci a garin Dover na jihar Delaware ya ƙi barin ministan kuɗin Gana, Komla Gbedemah, ya sha lemonsa a ciki. Watanni bakwai ke nan da samun 'yancin Gana. Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa don a rufe kunya. Wani malamin shari'a baƙar fata, Derrick Bell, ya rubuta a 1980 cewa hukuncin Brown ya zo ne a lokacin da bukatar baƙaƙe ta haɗu da bukatar masu mulki. Ba lalle ne ku yarda da shi duka ba, mu ma ba mu yarda duka ba, amma ya cancanci a sa shi gaban yara. Ku kuma kula, yara kan cakuɗa Amurka da Afirka ta Kudu. Ku raba musu: a 1953, shekara guda kafin Brown, Afirka ta Kudu ta kafa dokar ilmin Bantu wadda ta ƙara ɗaure wariya, kuma a can babu gyara na 14 da lauya zai riƙe.

Me ya motsa dutsen a ƙarshe? Kuɗi da haƙurin kotu da ya ƙare. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta ba gwamnatin tarayya ikon hana kuɗinta ga duk hukumar da ke wariya, dokar ilmi ta 1965 kuma ta sa kuɗin suka yi yawan da ba a iya kau da kai daga gare su. A 1968 kotu ta dubi gundumar New Kent a Virginia, mai makarantu biyu kacal, wadda ta ce kowa ya zaɓi inda yake so. Cikin shekara uku babu farin yaro ko ɗaya da ya zaɓi makarantar baƙaƙe, kuma 85 cikin 100 na baƙaƙen yara suna nan inda suke. Kotu ta ce tana son shirin da zai yi aiki, kuma ya yi yanzu. A 1971, a shari'ar Swann ta birnin Charlotte, ta yarda a yi jigilar yara da bas daga unguwa zuwa unguwa don a gauraya su. Ga motar Levi Pearson ta dawo, sai dai yanzu waɗanda suka shekara da shekaru ana kai 'ya'yansu makaranta da mota su ne suka fi ɗaga murya a kan wahalar jigila. Cikin 'yan shekaru makarantun kudu suka fi na kowane yanki gauraya, har zuwa 1988 lokacin da fiye da 40 cikin 100 na baƙaƙen yaran kudu ke karatu a makarantun da farare suka fi yawa.

A arewa kuwa abin ya cije, domin can ba doka ce ta raba yara ba, unguwa ce. A 1974, a shari'ar Milliken, alƙalai biyar a kan huɗu suka ce ba za a haɗa makarantun birnin Detroit da na gundumomi 53 da ke kewaye da shi ba, tun da ba a nuna cewa su sun yi wariya da gangan ba. Mai hali sai ya tsallaka iyakar gunduma ya sayi gida, shi ke nan. Shekara guda kafin haka, da irin wannan rinjaye, kotun ta ƙi soke tsarin Texas na ciyar da makarantu da harajin gidajen yankinsu, wanda ke sa yankin masu kuɗi ya fi samun makaranta mai kyau. Thurgood Marshall, wanda ya zama alƙalin kotun tun 1967, yana cikin marasa rinjaye duka biyun. A Boston, garin Sarah Roberts, an jefi motocin yara da duwatsu a 1974. Daga 1991 kotu ta sauƙaƙa wa gundumomi fita daga ƙarƙashin umarninta, a 2007 kuma ta soke shirin biranen Seattle da Louisville na duba launin yaro wajen rarraba gurabe, inda kowane ɓangare na alƙalan ya ce shi ne magajin Brown na gaskiya. Wannan darasi taswira yake so. Mun zana birni a allo, muka kewaye shi da layi, muka ce wa yara su gauraya makarantun ba tare da sun taɓa layin ba. Suka yi ta gogewa har aka kaɗa ƙararrawa.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, mu masu shirin zama malamai. Da aka fara haɗa makarantu, ta baƙaƙe ake rufewa, malamanta ake sallama. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne malamai da shugabannin makarantu baƙaƙe kimanin 38,000 sun rasa aikinsu tsakanin 1954 da 1965. Waɗannan su ne mutanen da suka riƙe yara a rumfunan kwalta, suka san iyayensu da kakanninsu. Yaron da ya shiga sabuwar makaranta ya sami laburare da ɗakin gwaje-gwaje, amma sau da yawa ya rasa malamin da ya yi imani da shi. Marubuciya Zora Neale Hurston, baƙar fata, ta rubuta wa wata jarida a Florida a 1955 tana sukar hukuncin, tana ganin cin fuska ne a ɗauka cewa baƙin yaro ba zai koyi karatu ba sai ya zauna kusa da fari. Mu muna ganin ta yi kuskure a kan doka, domin gwamnati ba ta da hurumin jera 'yan ƙasa bisa launi. Amma a kan malaman ba mu sami abin da za mu mayar mata ba, kuma mun gaya wa yaran haka.

A Laraba ta ƙarshe muka tsaya gaban aji muka janye amsarmu ta farko, muka ba yarinyar haƙuri. Sa'an nan muka ba ta labarin garin Cleveland na jihar Mississippi, inda iyaye suka shigar da ƙara a 1965, wata alƙaliyar tarayya ta ba da umarnin haɗa manyan sakandaren garin biyu a 2016, aka buɗe haɗaɗɗiyar makarantar a 2017. Ta fito ta karɓi alli, ta rubuta 2017, ta rubuta 1954 a ƙasa, ta ja layi, ta sami 63. Ta ce kakarta ma ba ta kai haka ba. Wani yaro ya tambaya ko za mu dawo zango mai zuwa su sake shari'ar Milliken, domin yana ganin ya gano yadda za a yi da layin nan. Mun ce masa sai abin da sashenmu ya tsara, amma mun bar masa taswirar.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata, in akwai tambaya muna saurare.